Mai Guga a Bayan Kanta

Da hantsi 'yan sanda suka zo, Baba Ƙarami yana fifita gawayi a ƙofar shagonsa na wanki da guga. Auta suke nema, ɗan autan maigidan. An tare wani malamin makaranta a bakin titi, an ƙwace masa waya, an soka masa wuƙa a ciki, kuma sun bi sawun wayar har shagon da ke manne da katangar gidan. Can suka same ta a jikin caja, kusa da ninkakkun kayan mutane.

"Ai Auta ne ya kawo ta jiya, ya ce in sa masa a caji," in ji Baba Ƙarami, yana ci gaba da fifitarsa. Bai ma san maganar tana da nauyi ba. Rabin unguwar a shagonsa suke cajin waya.

Amarya, matarsa, tana tsakar gida tana matse wanki ta ji hayaniyar. Ta haura arba'in, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma tun ranar da aka kawo ta gidan a matsayin matar ƙanen maigida ba wanda ya ga dalilin sauya mata suna. Ta goge hannu a zane ta leƙa. Yaya ya riga ya fito. Shi ne wan mijinta, nasa ne gidan, nasa ne shagon, nasa ne ɗakin da suke kwana da 'ya'yansu mata biyu. Shi ne kuma shugaban kwamitin tsaro na unguwa, mutumin da ba a taro a kan ƙwacen waya bai miƙe ya yi magana ba.

"Yaron nan ya yi tafiya tun da sassafe," in ji Yaya. "Ni kaina ban san inda ya nufa ba."

"To, sai wani ya biyo mu," in ji sajan ɗin da ya jagorance su. "In ya kawo kansa, mu saki naku."

Yaya ya dubi motar, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, sannan ya dubi ƙanensa.

"Ƙarami, bi su ka yi musu bayani. Ka ga ni ba zai yi kyau a gan ni a bayan motar nan ba. Yanzu zan biyo ka."

Baba Ƙarami ya ajiye mafici. Mutum ne da ya kai hamsin bai taɓa ce wa wansa don me ba. Da silifa ya hau motar. Abin da kawai ya ce wa matarsa shi ne ta sauke dutsen guga kada ya ƙona tebur, kuma rigar malamin asibiti saura hannu ɗaya.

Yaya bai bi shi ba.

Da la'asar Amarya ta kai abinci caji ofis. Kofur ɗin da ke kan kanta ya sa ta ɗanɗana, ya jujjuya shi da cokali, ya ture gefe. Da ta miƙa ƙullin ƙwayoyi sai ya ɗaga hannu.

"Wannan fa?"

"Maganinsa ne, ranka ya daɗe. Ciwon suga gare shi. Safe da yamma yake sha."

"Ba a shiga da ƙwaya. Ina na san ko ta buguwa ce?"

Aka fito mata da mijinta daga bayan kanta, ba riga, ba silifa. Da ya gan ta sai ya yi dariya.

"Amarya, kin ga ikon Allah. Shekara nawa ina neman hutu, yau gwamnati ta ba ni."

"Ka ci abinci dai."

"Yaya ya zo?"

"Yana hanya," ta ce.

A gida ta durƙusa a ƙofar falo. Yaya yana kishingiɗe, rediyo a kusa da kunnensa. Ya ce yana kan maganar. Ya ce ya san babban ofisan wurin kamar tafin hannunsa, amma irin waɗannan mutane ba a yi musu gaggawa. Ya ƙara muryar rediyon ya ce ta saurara da kunnenta: ga shi gwamnati tana faɗa, za a murƙushe masu ƙwacen waya, kuma daga yanzu ba za a ƙara tsare wani a madadin wani ba, ba za a ƙara ajiye mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

"Kin ji ko? Doka tana tare da mu. Ki je ki kwantar da hankalinki."

Ta je, hankalin bai kwanta ba. Ta buɗe shago ta kama guga, don kayan mutane ba su san an kama kowa ba. Kullum ta kai abinci, kullum a dawo mata da ƙwayoyi. Dariyar Baba Ƙarami ta fara gajarta. Leɓensa ya bushe, ruwa yake ta nema. Wata rana ya fito yana ɗingishi. Ya ce ba komai, wani ne ya taka shi a cunkoso, ƙusar bokiti kuma ta ɗan karce shi a babban yatsa. Amarya ta san abin da ƙaramin rauni yake zama a ƙafar mai suga. Ta roƙi kofur har da hawaye. Ya ce nan ba asibiti ba ne.

Wanki ne ya tona asirin. Hajiya, matar Yaya, ta turo mata kayan cikin gida a dame kamar yadda aka saba. Tana warewa sai ga rigar ƙwallon Auta. Da hannunta ta wanke rigar nan ta ninke bayan an tafi da mijinta. Yanzu ga ta da danshin gumi a hammata, tana warin sigari. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin sama, wanda aka ce an kulle saboda rufinsa yana yoyo. Labulen tagar ya motsa.

Ta sami Hajiya a kicin tana zuba abinci a kwano mai murfi. Amarya ta ɗaga mata rigar.

Hajiya ta ja ƙofa ta rufe. "Rufa mana asiri, Amarya, Allah ya rufa miki."

"Yana sama, Hajiya? Duk kwanakin nan yana sama?"

"Yaro ne. Abokai ne suka ja shi. Ko barci ba ya yi, in kin ga yadda ya rame sai kin tausaya masa."

"Yaron da ya tara gemu."

"Ke ba ki haifi namiji ba, ba za ki gane ba. In suka kama shi karya shi za su yi. Ƙarami kuwa dattijo ne, wa zai taɓa shi? Zama kawai yake yi."

Zama kawai yake yi. Haka mai abinci a gaba da katifa a baya yake kiran ɗakin da mutum talatin suke kwana a tsugune, bokiti ɗaya a lungu. Hajiya ba ta taɓa taka ƙofar caji ofis ba. Ta ɗauki kwanonta ta hau sama.

Washegari Amarya ta matsa kusa da kanta, ta yi ƙasa da murya ta faɗa wa mijinta. Ta zaci zai girgiza. Sai ya kau da kai.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ina zai je? Ko tashar mota bai iya zuwa shi kaɗai ba."

"To bari in faɗa musu."

"Kul." Bai ɗaga murya ba, amma ba ta taɓa jin ya yi mata magana haka ba. "Yaya ne ya rene ni. Ɗansa ɗana ne. Yana da dabarar da yake yi, ki bar shi ya gama. Kuma in kin faɗa, ina za ki kwana da yaran nan? Kin yi wannan tunanin?"

Ta yi shi. Shi take yi tun jiya.

Sai malamin makarantar ya cika a asibiti. Magana ta tashi daga ƙwace ta koma kisa. Gari ya ɗauka, rediyo ya ɗauka, na sama suka matsa wa na ƙasa a nuna aiki. Amarya ta sake durƙusawa a ƙofar falo. Wannan karon Yaya bai yi batun babban ofisa ba.

"Yanzu ai magana ta canza," ya ce. "In na fito da yaron nan, rataye shi za su yi. Kina so a ce ke kika sa aka rataye shi?"

"Ƙafarsa ta kumbura, Yaya. Ta fara wari."

"Allah zai sawwaƙe. Ba alƙalin da zai dubi Ƙarami ya yarda shi ya soki mutum. Ko kaza ba ya iya yankawa. Shi gaskiyarsa za ta fitar da shi. Yaron nan kuwa ba shi da abin da zai fitar da shi sai mu."

Ya faɗe ta kai tsaye, ko kunya bai ji ba: mai gaskiya ya zauna a ciki saboda yana da gaskiya, mai laifi ya zauna a gida saboda yana da laifi. Ya ƙara da cewa a ba ta buhun shinkafa daga sito.

A wayar wata maƙwabciya ta ga 'yan sanda suna holin waɗanda suka kama. An jera mutane a ƙasa a harabar hedkwata, an baje wuƙaƙe da wayoyi a gabansu. Samari ne duk, sai dattijo ɗaya a ƙarshen layi, ya miƙe ƙafa ɗaya don ba ta lanƙwasuwa. Mai magana da yawun 'yan sanda ya nuna shi da sanda, ya ce wannan shi ne uban tafiyar, a shagonsa ake tara kayan sata, guga fakewa ce kawai. Ya ce wannan somin cika alkawarin gwamnati ne. Baba Ƙarami yana ta ɗaga kai yana duban mutane, kamar mai neman wata fuska da ya sani.

Kafin yamma masu kaya suka fara zuwa. Wani ya ce tafiya ce ta taso masa. Wani ya karɓi nasa a jiƙe. Malamin asibiti aikowa ya yi.

Abin da ya fi ci mata rai kuma daban ne. Tun da aka kama mijinta ba a ƙara ƙwace wayar kowa a unguwar ba. Mata suna dawowa daga kasuwa waya a hannu, ba mai tare su. Ta ji mai shayin bakin layi yana ba da labari, bai san tana bayansa ba.

"Kun gani? Tun da aka ɗauke tsohon nan, tsit kake ji. Mutum yana ta murmushi yana goge mana riga, ashe shi ne."

Ta san dalilin tsit ɗin. Yana ɗakin sama, an kai masa fanka.

Ranar da ta yanke shawara, muryar Yaya ce ta yanke mata. Tana shago ita kaɗai, ba kayan gogewa, sai ta ji shi a rediyo. An gayyato shugabannin kwamitocin tsaro su tofa albarkacin bakinsu. Yaya ya yaba wa hukuma. Ya ce laifin na iyaye ne, su suke ɓoye 'ya'yansu ɓata-gari a cikin ɗaki. Ya ce shi kam ba sani ba sabo, ko ɗan'uwansa ne doka ta biyo ta kansa ba zai tare mata hanya ba, kuma kowa shaida ne. Mai gabatar da shirin ya ce da za a sami irinsa goma da gari ya gyaru.

Amarya ta rufe shago, ta yafa mayafi.

Ta sami sajan ɗin a ƙarƙashin bishiya yana cin gyaɗa. Ta faɗa masa komai a tsaye, ɗakin sama, rigar, kwanon abinci. Ta ce in ya biyo ta yanzu zai same shi. Bai daina ɓare gyaɗarsa ba.

"Baiwar Allah, kin makara. Da safe aka kai su kotu. Alƙali ya aika su gidan yari, jiran shari'a."

"To ai wanda ya yi yana nan. Ku kamo shi ku saki wannan."

"Magana ta bar hannunmu. Mun riga mun sanar an kama su kaf. In na je na kamo wani, me zan ce wa na sama? In ce wanda muka nuna wa duniya ba shi ba ne?" Ya karkaɗe ɓawo daga cinyarsa. "Kuma gidan shugaban kwamiti kike so in fasa a kan maganar mace mai neman fitar da mijinta? Je ki nemi lauya."

Kafin ta kai gida labari ya riga ta. Yaya yana tsaye a tsakar gida, waya a hannu.

"Ashe maciji muke kiwo," ya ce. "Abincina a cikinki, kina neman kashe mini ɗa. Don darajar Ƙarami kawai zan bar ki a ɗakin nan. Ki sake, ki gani."

Hajiya ta aiko aka ɗauke abin da ya rage a buhun shinkafar.

Gidan yari ya fi nisa, mota biyu ake hawa. Ranar ziyara mata ne cike da layi, kowace da kwanonta, kowace da labarinta. Wata mijinta aka kama a madadin ƙanensa, wata ɗanta a madadin ubangidansa. Akwai wadda ta ce nata ya shekara bai ga alƙali ba. A nan an karɓi ƙwayoyin, amma a lokacin ƙafar ta wuce ƙwaya. Fursunoni biyu ne suka riƙo Baba Ƙarami zuwa tagar ziyara. Yatsan ya yi baƙi, baƙin yana hawa. Ganinsa ma ya ragu, sai da ta yi magana ya gane ta. Likita sau ɗaya yake leƙowa a wata, in ya leƙo.

An sa ranar zaman kotu, aka ɗage, babu motar kai fursunoni. Aka sake sawa, mai gabatar da ƙara ya tafi taro a kan hanzarta shari'a.

Da ya tabbatar ba mai neman sa, Auta ya fara saukowa tsakar gida shan iska. Amarya ta kama kanta tana wani fata da ya ba ta tsoro: ya fita, ya sake tare wani, ko mutane su gane ba mai guga ba ne. Ta yi istigfari, fatan bai tafi ba. Yaya ma ya yi irin wannan lissafin. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida, aka zuba jakunkuna. An samo wa Auta aiki a wani gari mai nisa, wurin wani aminin ubansa. Da rana tsaka ya fita, gaban kowa, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi haske saboda zaman ɗaki. Ya tsaya a ƙofar shagon.

"Anti, zan wuce. In kin je ki gaishe min da Baba Ƙarami."

Mai shayi ya ɗaga masa hannu, ya ce a sauka lafiya.

Ba a rasa doka a ƙasar ba. An faɗe ta a rediyo, an maimaita, an yi taro a kanta an sha lemo. Ba a rasa wanda ya san gaskiya ba: Yaya ya sani, Hajiya ta sani, sajan ya sani, kuma duk cikinsu ba wanda ya rasa barci. Hukuma tana bukatar mutum a ƙarshen layi, gida yana bukatar wanda zai bayar, sai suka haɗu a kan wanda ba ya musu. A kowane babban gida akwai irinsa. Shi ake aike, shi ke tashi ya ba baƙo kujera, shi ake cewa mai haƙuri, ana yabonsa kamar yadda ake yabon tabarmar ƙofa. Ranar da aka zo karɓar mutum, ba a ko yin shawara. An daɗe da sanin wanda za a miƙa. Sannan a kira abin zumunci, a ce wadda ta buɗe baki ita ce mai raba 'yan'uwa.

Sai da ya suma aka kai shi babban asibiti. Likita ya ce ƙafar ba ta gyaruwa, ko a cire ta ko ta tafi da shi. Aka nemi ɗan'uwansa namiji ya zo. Yaya ya ce yana da taro, kuma bai dace a ga shugaban kwamiti a gefen gadon wanda ake tuhuma ba. Amarya ce ta amince.

Ta same shi bayan ya farfaɗo. An yanke daga ƙasan gwiwa. Ɗayar ƙafar an ɗaure ta da ankwa a ƙarfen gado, kada ya gudu. Gandiroba yana zaune a bakin ƙofa yana danna waya. Baba Ƙarami ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya lalubo hannunta.

"Amarya."

"Ga ni."

"Yaya bai zo ba ko?"

"Bai zo ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jawo ta kusa, ya yi ƙasa da murya don kada gandiroba ya ji, kamar mai shirin aikata babban zunubi.

"Na yi tunani. Na hana ki a da, yanzu na janye. Je ki faɗa musu. Ki ce su duba ɗakin sama. Allah ya gani, na yi iyakar yina." Ya ƙara riƙe hannunta. "Ki tafi yau, kin ji? Kada ki bari sai gobe. In suka kamo shi, ƙila kafin ƙarshen mako a sallame ni."

Amarya ta gyara masa mayafin da ya zame daga kan dungulmin.

"To," ta ce.